Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Dokokin Amurka: Makokinmu Ya Wuce Awa Biyu

Masu girma Sanatoci da 'Yan Majalisar Wakilai,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Allah ya taya ku riƙo.

Ni uwa ce, haifaffiyar Kano. Na shekara fiye da ashirin a jihar North Carolina ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Na yi rantsuwar zama 'yar ƙasa, ina biyan haraji, ina kaɗa ƙuri'a. Ɗana yana cikin rundunar sojan ƙasa ta Amurka. Ba zan faɗi sunansa ba, ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari ko a cikin ɗaki, balle a takardar da duniya za ta karanta. Ina magana ne da yawun matan da muke adashi tare, Hausawan Najeriya da na Nijar da 'yan zangon Ghana, waɗanda 'ya'yanmu maza da mata suke sanye da kakin ƙasar nan. Da Hausa na rubuta domin da ita nake kuka. Ƙanwarsa za ta mayar muku da ita Turanci.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata jana'iza ce da na halarta. Mamacin abokin ɗana ne, Kirista, tare suka yi horo, ya sha cin tuwo a gidana har yana neman ƙarin miyar kuka. Ɗana yana bakin aiki a nesa, ya roƙe ni in je a madadinsa. Muna dab da cocin sai ga wasu mutane biyar ko shida a tsallaken titi, riƙe da kwalaye masu rubutu, 'yan sanda na gadinsu. Ba zan ambaci ƙungiyarsu ba, ba zan ƙara musu sunan da suka zo nema ba. Tsakaninmu da su akwai jerin mahaya manyan babura, yawanci tsofaffin sojoji, kowa da tuta a hannu, sun juya musu baya. Mahaifiyar yaron ta damƙe hannuna ta ce in gaya mata abin da aka rubuta, idonta ba ya gani don hawaye. Na ce mata ban iya karatun Turanci sosai ba. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini. Amma ƙaryar tawa ba ta kai dare ba. Kafin a watse daga gidan, an liƙa hoton ɗanta a shafukan sada zumunta, an jera masa baƙaƙen maganganu a ƙasa, har da sunanta. A wayarta ta karanta abin da na ɓoye mata.

Na tambayi wani ɗan sanda a wurin, na ce yanzu haka za a zuba musu ido? Ya ce mini cikin ladabi ba su taka doka ba, suna bayan iyakar da aka shata. Daga nan na sa 'yata ta zauna ta warware mini zare da abawa, kuma abin da na koya shi ne tushen wannan wasiƙa.

Ku kun san shari'ar Snyder da Phelps, amma 'yan'uwana da za su karanta wannan ba duka suka sani ba. Matthew Snyder sojan ƙundunbala ne mai shekara 20, ya rasu a lardin Anbar na Iraƙi ranar 3 ga Maris 2006. Bayan mako guda aka yi jana'izarsa a wani cocin Katolika a garin Westminster na jihar Maryland. Fred Phelps, wanda ya kafa cocin Westboro Baptist a Topeka ta jihar Kansas, ya taso takanas da 'ya'yansa mata biyu da jikoki huɗu. Suka tsaya a filin gwamnati, kimanin ƙafa 1,000 daga cocin, wato wajen mita 300, da kwalaye masu cewa an gode wa Allah da mutuwar sojoji, da masu cewa wuta za ku shiga. Aƙidarsu ita ce Allah yana kashe sojojin Amurka ne don ya hukunta ƙasar saboda ta kawar da kai daga luwaɗi. Yaron ba su san shi ba, ba su taɓa ganinsa ba. Gawarsa kawai suke buƙata, don inda gawar soja take nan 'yan jarida suke.

Mahaifinsa, Albert Snyder, ya kai ƙara. A 2007 masu taya alƙali yanke hukunci suka ba shi diyyar dala miliyan 10.9, alƙali ya rage ta zuwa miliyan 5, kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta ɗungurungum a 2009. Da aka je Kotun Ƙoli, 'yar Phelps ɗin ce, Margie, ta tsaya wa mahaifinta a matsayin lauya. Antoni janar na jihohi 48 da Sanatoci fiye da 40 daga cikinku suka mara wa Snyder baya a rubuce. Duk da haka, ranar 2 ga Maris 2011, alƙalai takwas cikin tara suka ce Gyara na Farko na Kundin Tsarin Mulki, wanda ya tabbatar da 'yancin magana da na addini, ya kare masu kwalayen. Babban Joji John Roberts ya amince cewa maganar ta yi ciwo matuƙa, amma ya ce magana ce kan al'amuran jama'a, an yi ta a wurin jama'a, cikin bin umarnin 'yan sanda, don haka ba za a hukunta mai ita saboda zafinta ba. Samuel Alito kaɗai ya ƙi. Shi a ganinsa 'yancin muhawara ba lasisi ba ne na yi wa uba mai binne ɗansa yankan ƙauna.

Kafin in jero koke-kokena, bari in faɗi abin da ban zo nema ba, don kada a yi mini mummunar fahimta. Ban zo roƙon ku rufe bakin kowa ba. Da zuciya zan bi, da na roƙa. Amma ni Musulma ce mai lulluɓi a ƙasar nan, na san wace ce za a fara kamawa ranar da aka ba hukuma wuƙa da nama ta tantance maganar da ta yi muni da wadda ba ta yi ba. A watan da aka yanke hukuncin Snyder, a watan nan na Maris 2011, wani fasto a Florida mai suna Terry Jones ya sa aka ƙona Alƙur'ani, doka ba ta taɓa shi ba a kan haka, muka haɗiye baƙin cikinmu. Amma wannan Gyara na Farkon ne kotun tarayya ta dogara da shi ta dakatar da dokar da masu zaɓe a Oklahoma suka amince da ita a 2010, wadda ta ware shari'ar Musulunci da suna. Kuma da aka yi wa Musulmin Murfreesboro a Tennessee taron dangi don kada su buɗe masallacinsu, kotun tarayya ce ta share musu hanya a 2012. Rumfar da ta ba Phelps inuwa ita ce ta ba mu. Ba zan ce a sare ta ba alhali ina zaune a ƙarƙashinta.

Ina kuma da 'yar magana da mutanen gida, waɗanda za su ji dalilin waɗannan mutane su ce ai kuwa da gaskiyarsu. Ku yi hattara. Bakinsu bai bar Musulmi ba, bai bar Yahudawa ba, bai bar 'yan Katolika ba. Kuma ko mene ne ra'ayinka kan halin da Amurka take ciki, mu an koya mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya ce, ashe ba rai ba ne? An kuma hana mu zagin matattu. Wanda ya je maƙabarta yin wa'azi da zagi, ba wa'azi ya kai shi ba.

Kokena na farko a kan lokaci ne. A 2006 kun yi dokar da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu ranar 29 ga Mayu, ta hana zanga-zanga kusa da maƙabartun ƙasa awa ɗaya kafin jana'iza da awa ɗaya bayanta. A watan Agusta 2012 Shugaba Obama ya sa hannu kan wadda ta ƙara lokacin zuwa awa biyu gaba, awa biyu baya, da tazarar ƙafa 300. Mun gode, wanda bai gode wa kaɗan ba ba zai gode wa mai yawa ba. Sai dai duk wanda ya ƙirga wannan awa biyun bai taɓa zaman makoki irin namu ba. Mu bayan an dawo daga maƙabarta ne aikin yake farawa. Kwana uku ake shimfiɗa tabarmi, maza a waje, mata a ciki, ana karɓar gaisuwa daga asuba har bayan isha'i. Sai sadakar uku, ga masu yin ta bakwai da ta arba'in. Matar mamaci kuma ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ba mu kaɗai ba ne: Yahudawa suna zaman kwana bakwai, maƙwabtana Kiristoci baƙaƙen fata suna taruwa cin abinci bayan binnewa har yamma. Kariyar da dokarku ta ba gidan mamaci tana ƙarewa ne daidai lokacin da mutane suka fara cika shi. Mai son cin zarafi agogo kawai zai duba.

Akwai kuma kwanakin da ke gaban jana'izar, waɗanda ba wanda yake maganarsu. A gida in mutum ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Soja kuwa in ya faɗi a ƙetare, sai an kawo shi sansanin Dover a jihar Delaware, a yi bincike, a shirya shi, sannan a miƙa wa iyali. Kwanaki ke nan uwa tana zaune ba gawa ba kabari. A cikin kwanakin ne Ma'aikatar Tsaro take bayyana sunansa da garinsu, jaridu su buga ranar jana'iza da wurinta. Masu kwalaye kuwa da wannan sanarwar suke aiki: su fitar da tasu cewa suna nan tafe, su sanar da 'yan sanda, gari ya ɗauka. Sau da yawa sanarwar kaɗai ta gama yi musu aiki, ko sun zo ko ba su zo ba. Ciniki ne tsagwaronsa. A 2006 'yan cocin Westboro sun janye daga jana'izar 'yan matan Amish, wata al'ummar Kiristoci, da aka harbe a makaranta a Pennsylvania bayan an ba su fili a rediyo. A Janairun 2011 suka maimaita a Tucson, kan gawar yarinya 'yar shekara tara.

Koke na biyu shi ya fi ci mini rai. Dokarku da ƙafa da minti take awo, waya kuwa ba ta san ƙafa ba, ba ta san minti ba. Ku tuna Albert Snyder bai ga rubutun kwalayen ba a ranar, samansu kawai ya hango daga mota. Da dare ya gani a talabijin. Bayan 'yan makonni kuma yana neman sunan ɗansa a intanet ya ci karo da dogon rubutun da 'yan cocin suka wallafa, suka kira shi da mahaifiyar yaron da suna, suka ce sun rene shi ne don Shaiɗan. Wannan ba muhawara ba ce kan manufofin ƙasa, mutum biyu aka nufa, aka soke su inda ya fi ciwo. Amma Kotun Ƙoli ba ta duba wannan rubutu ba, saboda ba a sa shi a takardar neman ɗaukaka ƙara ba. Wato ɓangaren da ya fi kama da rayuwarmu ta yau shi ne aka tsallake. A 2006 sai ka je ka nemi zagin kafin ka gan shi. Yanzu shi yake zuwa ya same ka a kan gado, a wayar da kake jiran gaisuwar 'yan'uwa.

Na san za ku ce kotuna a buɗe suke. Iyayen yaran da aka kashe a makarantar Sandy Hook a Disamban 2012 sun bi wannan hanyar kan Alex Jones, mai shirin rediyo da intanet, wanda ya yi ta yaɗa cewa kisan wasan kwaikwayo ne. Sai a 2022 wata kotu a Connecticut ta yanke musu diyyar kusan dala biliyan ɗaya. Shekara goma. Wasunsu sai da suka yi ta sauya gida saboda barazana. Wace uwa ce a cikinmu, mai aikin awa-awa, take da lauyoyi da ƙarfin zuciyar shekara goma?

Wannan ya kawo ni ga maganar kuɗi. Bayan kotun ɗaukaka ƙara ta juya wa Albert Snyder baya, an umarce shi a 2010 ya biya waɗanda suka yi wa ɗansa haka dala 16,510 kuɗin ɗawainiyar shari'a. Jama'a ne suka yi masa karo-karo. Na yarda haka ƙa'idar kotu take, wanda ya faɗi shi ke biya. Amma mutum ya ba ƙasa ɗansa, ƙasa ta miƙa masa tuta a naɗe, sannan ta bi shi da takardar bashi? Ko a kasuwa akwai ranar da ake jin kunyar karɓar kuɗi.

Su kansu ƙananan garuruwa tsoro suke ji, kuma da dalili. Gidan Phelps cike yake da lauyoyi, sun san doka kamar yunwar cikinsu. Gari ya yi doka cikin fushi da gaggawa, su kai shi kotu, in sun yi nasara garin ya biya kuɗin lauyansu. Fred Phelps ya mutu a 2014, jikarsa Megan ta bar cocin tun 2012, ƙarfinsu ya ragu. Amma sun riga sun koya wa kowa yadda ake yi, kuma waɗanda na gani da idona ba sai sun je Kansas ɗaukar darasi ba. Sakamakon shi ne kowace jiha da nata awon. A lokacin hukuncin 2011, jihohi 44 suna da irin wannan doka, ta Maryland ƙafa 100 ce kacal, Nebraska kuwa ta kai tata ƙafa 500, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ita a 2017. Darajar hawayen uwa ta koma ta dogara da jihar da aka haƙa kabarin.

Ga kuma wani rami: dokar tarayya soja da tsohon soja kawai ta sani. A Oktoban 2017 aka yi kwanton ɓauna a Tongo Tongo a Nijar, aka kashe sojojin Amurka huɗu da suka tashi daga sansanin Fort Bragg a nan jiharmu, tare da sojojin Nijar da suke sintiri da su. A zaman adashinmu na watan, matan Nijar kuka biyu suka yi, na can da na nan. Muka ga yadda har kiran wayar ta'aziyya ga matar Saje La David Johnson, ɗaya daga cikin huɗun, ya zama abin cece-kuce na siyasa tun ba a binne shi ba. Tun daga ranar nake tunanin tafintocin da suka yi aiki da sojojinku a Iraƙi da Afghanistan, aka kawo su nan da iyalansu. In ɗayansu ya rasu, ba shi da kaki, ba shi da tuta.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku tsawaita kariyar gidan mamaci ta wuce awa biyun nan, ta kama daga ranar da jami'ai suka ƙwanƙwasa ƙofa da mummunan labari har aƙalla kwana uku bayan binnewa. Ba sabon abu muke nema ba. Tun 1988, a shari'ar Frisby da Schultz, Kotun Ƙoli ta yarda gari yana iya hana a kafa zanga-zanga a ƙofar gidan mutum guda. In an yarda da haka ga mai lafiya a gidansa, ina ga mai makoki? Ku kuma fayyace a rubuce cewa masallaci, da wurin wankan gawa, da zauren da aka ara don karɓar gaisuwa duk suna cikin wuraren da ake nufi, don kada ɗan sanda ya tsaya yana waige-waige ranar da abin ya faru.

Ku zauna ku saurari iyalan da suka rasa 'ya'yansu a bakin aiki kan abin da ake yi musu a intanet, sannan ku rubuta doka ƙunƙuntacciya. Wanda ya ce yaƙin Iraƙi zalunci ne, ko ya ce Allah yana fushi da Amurka, ku bar shi ya faɗa, ni ma ina da nawa ra'ayin kan yaƙe-yaƙen nan kuma ba na son a hana ni. Amma wanda ya kama sunan uwa ko matar mamaci, ya bi ta da saƙo bayan saƙo a kwanakin makokinta, wannan farauta yake yi, kuma a samar wa iyali hanya mai sauri da arha ta dakatar da shi. Ku rubuta ta da taka-tsantsan yadda ba za ta faɗi a kotu ba, kuma ba za ta juyo kanmu gobe ba.

Ku kafa asusun da zai ɗauki nauyin lauya da kuɗin kotu ga iyalin sojan da aka ci zarafinsu a jana'iza, ko sun ci shari'ar ko sun faɗi. Ku sa Ma'aikatar Shari'a ta fitar da samfurin doka, irin wadda ta riga ta tsallake kotu kamar ta garin Manchester a Missouri a 2012, wadda kowane ƙaramin gari zai kwafa ba tare da fargaba ba, kuma ta shafi jana'izar kowa, mai kaki da marar kaki.

Na ƙarshe ba ya buƙatar ko sisi. Jami'in da rundunar soja take turo wa iyali don ya taimaka da shirye-shiryen jana'iza, a ɗora masa ya gaya musu tun ranar farko abin da doka ta ba su, da wanda za su kira in an yi sanarwar zanga-zanga, da cewa akwai mahaya baburan Patriot Guard Riders, waɗanda tun 2005 suke zuwa kyauta in iyali sun gayyace su. In iyalin ba sa jin Turanci sosai, a zo da tafinta. Waɗannan mahayan na ga aikinsu, Allah ya saka musu da alheri. Wani dattijo a cikinsu, da sandarsa da tutarsa, ya tsaya a rana fiye da awa biyu saboda yaron da bai taɓa gani ba. Amma bai dace a ce ƙasa mai ƙarfin Amurka ta bar mutuncin gawar sojanta a hannun tsofaffi 'yan sa-kai ba.

A tagar falona akwai ƙaramar tuta mai shuɗin tauraro ɗaya, alamar gidan da yake da ɗa a bakin aiki. Kowace uwar soja ta san launin da ake mayar da tauraron in labari ya zo. Kullum in mota ta tsaya a ƙofar gida da ba na tsammani, sai na leƙa ta labule kafin in numfasa. Muna taruwa ranar Lahadin ƙarshen kowane wata, kuma na yi wa matan alƙawarin duk amsar da ta zo daga ofishin ɗayanku zan karanta musu ita a zaman, 'yata ta fassara.

Na gode da sauraro. Allah ya ba ku ikon yin adalci.

Taku,
Uwar wani soja,
a madadin iyaye mata Hausawa mazauna North Carolina